Wa Ya Ce A Tura Ta?

Asabar, 17 ga Agusta, bayan Magariba

Motar tana Furfuri, ni ina Gusau. A keke napep na dawo, zanena jiƙe har gwiwa, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan ruwa ya yi gaba da shi.

Bari in rubuta tun daga farko. Yau mako guda da tafiyar Abban Salma kwas Zariya. Ranar da zai tafi ya ajiye mini makullin motarsa a kan firji, ya ce, "Ki riƙe ta wata guda. In na dawo na same ta yadda na bar ta, kin huta da tasha." Shekara bakwai ina zuwa aikin asibiti Tsafe a motar haya, mu huɗu a baya, wata rana har da akuya. Kwana biyar na yi ina kai kaina aiki, ina gaisa da masu rake ta taga kamar matar ciyaman.

Yau sunan jaririn Hussaina, ƙanwarsa. Tun asuba ake ruwa. Da na isa Furfuri, Iya, mahaifiyarsu, ta ce in kai ta gidan sunan, can ƙetaren kwari. Muka tarar ruwa ya shafe hanya. Tifa ta wuce a gabana, mai mashin ma ya wuce ya ɗaga ƙafafu sama. Na ce in dai mashin ya wuce ai ni ma na wuce. Na taka mai na shiga da gudu. Wannan laifina ne, na rubuta shi da hannuna.

A tsakiya ta yi tari biyu ta mutu. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Iya ta naɗe ƙafafunta a kan kujera ta ce, "Ashe haka aka ji cikin jirgin ruwa."

Patience, abokiyar aikina da ta koya mini tuƙi, ta sha gaya mini: in mota ta mutu a ruwa, ki cire hannunki daga makulli, ki kira mijina. Mijinta Bitrus makanike ne. Na cire hannuna. Na ɗauko waya.

Sai maza suka taso daga gona suka turo mu tudu. Sai kuma aka ce a tura ta a tada.

Sauran ba yau ba.

Lahadi, 18 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Oga Bitrus ya taso daga coci da kwat ɗinsa, ya je ya jawo ta da igiya har garejinsa. Ya buɗe bonet, ya ciro matatar iska ya matse ta kamar tsumma. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, man ya koma kalar shayi mai madara. Ya cire fulogai ya juya injin da hannu, ruwa ya yi tsartuwa har kan kwat ɗin.

"Wannan duk ba komai ba ne, Sista Suwaiba," in ji shi. "Mu zubar da mai, mu shanya ta, jibi ki ɗauki abarki." Sai ya zura wani siririn ƙarfe a ramukan fulogi ɗaya bayan ɗaya. A na uku ya daina fara'a.

"An tada ta?"

Na ce an tura ta.

"Sau nawa?"

Na ce uku.

"Wa ya ce a tura ta?"

Na ce mutane ne, ka san mutanen ƙauye da taimako.

Na kira Abban Salma a Zariya. Abin da ya fara tambaya shi ne lafiyata da ta Iya. Ya ce za mu yi magana in ya dawo.

Litinin, 19 ga Agusta, tara saura kwata, Tsafe

Na koma tasha. Kamashon ya ce, "A'a, Hajiya mai mota, hutu kika ba ta?" Muka jira mutum ɗaya minti arba'in. Mutumin ya zo da buhun barkono.

Talata, 20 ga Agusta, bayan Azahar, Tsafe

Patience ta ritsa ni a ɗakin allura. Mijinta ya ba ta labari.

"Ban gaya miki ba? Ban ce ki cire hannu ba?"

Na ce na cire.

"To wa ya ce a tura?"

Na ci gaba da jera sirinji. Ta tsaya tana kallona, sai ta sauke murya ta ce, "Surukinki?" Na ƙara sunkuyar da kai kan sirinjin. Ta zauna a kan benci ta yi dariya har da hawaye. Ita da surukinta a tebur ɗaya suke cin abinci, suna musun ƙwallo. Ta kasa gane yadda zan yi shekara tara a gidan mutum ban taɓa kallon idonsa ba, ban taɓa ce masa komai ba bayan "ina kwana" a durƙushe.

Tunda ita ta faɗa ba ni ba, bari in ƙarasa na Asabar.

Baba yana cikin waɗanda suka taso daga gona, da malafarsa. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa motar auduga kafin ya koma noma, duk Furfuri an san in mota ta ƙi tashi shi ake kira. Ya zagaya ta, ya buga taya da ƙafa, ya ce a sa mata giya biyu. Ni ba ni da bakin yi masa magana. Na raɗa wa Iya cewa an ce ba a tada ta in ta sha ruwa. Iya ta leƙa taga ta isar. Ya yi dariya ya ce, "Motar da nit tura a duniya ta fi gashin kanta yawa. Ta saki kuloci in nic ce ta saki."

Na farko tayoyi suka ja ƙasa. Na biyu ma haka. A na uku aka ƙaro maza, aka kai ta gangara. Ya ce a saki, na saki. Wani abu ya ce ƙwas a cikin injin, kowa ya ji.

Ƙafata ce ta saki kulocin, ba ta wani ba.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan La'asar

Na dawo na tarar da damin ɗanyar masara a ƙofar gida. Mai mashin da ya kawo ya ce wa maƙwabciya daga Furfuri ne. Ba saƙo.

Alhamis, 22 ga Agusta, shida na yamma

An buɗe injin. Oga Bitrus ya ajiye mini ƙarafa huɗu a kan kwali, waɗanda ke ɗaga fistan, kwanrod suke ce musu. Uku miƙe, ɗaya ya tanƙware kamar lauje.

"Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa," in ji shi. "Kun cika tukunya da ruwa, kun sa ƙarti goma sun danna. Dole wani ya ba da kai." Ya ce shigata ruwa aikin kwana biyu ne, turin nan ne ya mai da shi na mako uku. A Gusau babu irin ƙarfen, sai an aika Kano.

Ya sake tambaya wa ya ce a tura ta. Na ce, "Oga, ka san amsar, matarka ba ta iya riƙe magana." Ya ce yana so ya ji daga bakina ne don maigidana ya kira shi sau biyu. Na ce in ya sake kira ya gaya masa an tura ta, ya tsaya nan. Ya ce shi ba ya ƙarya. Na ce ban ce ya yi ƙarya ba, na ce ya tsaya.

An cire kujeru da kafet an shanya a kan rufin gareji. A ramin sifiyar taya aka sami ƙwaɗo biyu, suna nan lafiya lau.

Juma'a, 23 ga Agusta, da safe

An yi ruwa kan kujerun.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan Azahar

Ƙwan zabi, ƙwarya guda, a cikin ƙaiƙayi. Daga Furfuri. Ba saƙo.

Abban Salma ya kira da hantsi. Muka yi hirar Salma da makarantarta, da abincin Zariya da ya ce ba ya ƙoshi. Na ɗauka mun tsallake. Sai ya ce, "Bitrus ya ce tura ta aka yi. Ke kika ce a tura?"

Na ce ni ce a kan sitiyari.

Ya ce, "To." Irin "to" ɗinsa mai tsawo.

Da zan iya, da na faɗa. Kalma uku ce. Amma in buɗe baki in ce wa mutum mahaifinsa ne ya kashe masa injin, mahaifin da duk gari ke kira gwanin mota? In ya dawo da wane ido zai kalle shi, ni kuma da wace ƙafa zan sake shiga gidan? Raina ya ɓaci yau, ba zan ɓoye ba. Na soya ƙwai shida na cinye ni kaɗai.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan Magariba

Ƙarfen ya iso daga Kano. Ba nata ba ne, ya fi nata tsawo da kaurin farce. Oga Bitrus ya kira wanda ya aiko ya yi masa wa'azi da harshe uku.

A motar dawowa daga Tsafe aka ɗora mini wata tsohuwa a cinya tun daga tasha har Gusau. Da za ta sauka ta ce kujerar nan tana da laushi, Allah ya yi wa mai motar albarka.

Juma'a, 30 ga Agusta, bayan La'asar

Iya ta zo, wai ganin Salma. Ta kawo gyaɗa sabuwar cira da zabuwa ɗaya a ɗaure. Na ce, Iya, gidan nan ya fara zama kasuwa.

"Ba ni ka aikowa ba," ta ce. "Tsohon na. Kullum da safe shi shiga gona shi tsaya shina tunanin mi za a kai Gusau."

Na ce ai babu komai.

"Da komi. Tun ran nan bai sake faɗin motar auduga ba. Jiya motar masu taki tam mace ƙofar masallaci, anka aiko kiran shi, yac ce a ce musu shina barci." Ta kwashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa, muka yi ta yi har zabuwar ta tsorata.

Daga baya ta hau ɓare gyaɗa. Ta ce, "Yaron ga ya kira ni shina tambaya. Nic ce ni ido na a rufe sa'adda munka shiga ruwa, ban buɗe ba sai gida."

Ashe ya kira Hussaina ma, ta ce ita jego take yi. Ya kira maƙwabcin su Baba, shi kuma ya ce ranar yana kasuwa. Mutum sama da ashirin suka tura motar nan, yanzu babu wanda ya je wurin sai ni.

Asabar, 31 ga Agusta, da hantsi

Rogo.

Litinin, 2 ga Satumba, goma saura, Tsafe

Na makara, mata masu awo sun cika baranda. Shugabarmu ta dai duba agogon bango ta dube ni. Na fi son a yi mini faɗa.

Laraba, 4 ga Satumba, shida da rabi na yamma

Ƙarfen gaskiya ya zo jiya. Yau na biya gareji daga tasha. An mayar da komai, an zuba sabon mai. Oga Bitrus ya ce in murɗa da hannuna. Na murɗa. Ta yi ƙi-ƙi-ƙi sau biyu, ta kama. Farin hayaƙi ya fito ta salansa ya cika gareji, sannan ya washe. Na zauna ina sauraron ta kamar yadda nake sauraron bugun zuciyar ɗa a ciki.

Ya ce a bi ta a hankali, kar a wuce sittin, bayan mako biyu a sake juye mai. Sai dai warin kafet. Patience ta ba ni shawarar gawayi da turaren wuta. Yanzu tana warin kududdufin da aka yi wa turare.

Asabar, 7 ga Satumba, bayan La'asar

Ya dawo. Ya rame kaɗan. Ya kawo mini atamfa, ya kawo wa Salma jaka. Ya ci tuwo ya ƙara. Sannan ya fita ya zagaya motar, ya tada ta, ya kasa kunne, ya shinshina. Ya shigo yana yaba aikin Bitrus.

Makullin bai koma kan firji ba. Yana aljihunsa.

Lahadi, 8 ga Satumba, da safe

Ya ce ba fushi yake yi ba, kowa yana kuskure. Shiga ruwa ma bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa shi ne an koya mini, na sani, kuma na bari aka tura. Ya ce mai tuƙi dole ya iya ce wa mutane a'a, hanyar Tsafe kuma ba ta wasa ba ce. A bari tukuna zuwa baɗi.

Na ce to. Gajere nawa.

Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Talata, 10 ga Satumba, bayan Azahar, Tsafe

Patience ta ce in ban faɗa ba ita za ta je har ofishinsa. Na ce in ta je, ni da ita sai gaisuwa. Ta ce al'adarmu za ta sa ta hawan jini. Na auna ta, lafiyarta ƙalau.

Alhamis, 12 ga Satumba, da yamma

Kabewa biyu. Shi ya karɓa a ƙofa. Ya ce, "Baba kuwa lafiya? Ni da na yi wata ba na nan ko goro bai aiko mini ba." Na ce wataƙila gona ce ta yi kyau bana.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan Magariba

Zan rubuta wannan a hankali don kar in bar komai.

Mun je Furfuri gaisuwar dawowa. Shi ya tuƙa, ni a gefe ina taka birkin da babu. Na shiga wajen Iya, shi ya zauna zaure da Baba. Can sai aka ce Baba zai je ɗaurin aure Bungudu, a kai shi. Muka fito rakiya ni da Iya, na durƙusa a gefen ƙofa.

Abban Salma ya buɗe masa gaba. Baba ya wuce ƙofar kamar bai gan ta ba, ya buɗe baya da kansa ya shiga, ya gyara babbar rigarsa. Ya sauke gilashi. Shi ma yana da tasa kunyar, Abban Salma ɗan farinsa ne, bai taɓa kama sunansa ba, kuma maganar da ke da nauyi ba ya yi masa ita kai tsaye. Sai ya kira Iya.

"Ke, zo ki gaya ma yaron ga magana."

Yaron yana tsaye taku ɗaya daga tagar, da makulli a hannu.

"Ki ce mishi, ran da motag ga tash sha ruwa, yarinyag ga ta cire hannu nata. Ta aiko ki, kic ce min kar a tada. Ni nic ce a tura. Har sau ukku." Ya tsaya ya share baki. "Ki ce mishi motar auduga ba ta san wanga ba, ni ma ban sani ba. Ita ta sani."

Iya ta juya ta ce wa ɗanta, "To, ka dai ji."

"Ban ƙare ba. Ki ce mishi wadda tas sani ita za ta kai ni Bungudu. Shi shi zamna gida shi ci tuwo."

Ni dai ina durƙushe ina kallon ƙasa. Na ji takun Abban Salma. Ya tsuguna ya ajiye makullin a kan gwiwata, ya ce a hankali, "Wata guda, Suwaiba. Ko da ido ba ki nuna mini ba." Na ce ai ka ce mai tuƙi ya iya cewa a'a, to Patience na yi ta ce wa a'a. Ya yi dariya, amma idonsa ya yi ja.

Iya ta ja mayafi ta shiga gaba, ta ce ba za a bar ta ba, ita ce shaidar farko.

Na shiga na tada. Na ɗaga kai in duba baya, sai ga idon Baba cike da madubi. Ban san lokacin da na ture madubin ya kalli rufi ba. Muka hau kwalta a haka, ina ta zufa, ina riƙe da arba'in, manyan motoci suna yi mini hon ban san ta ina suke fitowa ba.

Sai na ji murya daga baya, kuma ba Iya aka kira ba.

"Ɗiyata."

Shekara tara, yau ne ya fara yi mini magana ba ta bakin kowa ba. Na ce na'am.

"Maida madubinki. Ba a tuƙi babu shi. Ni zan kalli gonaki."

Na mayar. Ya juya fuskarsa ga taga, ya kafe ta a kan dawar mutane, bai waiwayo ko sau ɗaya ba har muka shiga Bungudu. Da muka tsaya ƙofar gidan ɗaurin auren, ya fita yana murza wuya. Mutane suka taso tarbarsa suna leƙen wa ya kawo shi. Na ji yana ce musu, "Direba na ta. Ku ba ta wuri ta juya."